Abin da Ya Sa Ban Sauko da Tumaki Ba

Zuwa gare ka, Rawiri, farin cikin raina, ɗumin tafin hannuna a safiyar da ruwan kwamin tumaki ya daskare! Ya kai hasken farko da ke sauka a kan tudu, ya kai ƙamshin itacen murhu ga wadda ta wuni a waje, ya kai wanda ƙarar motarsa kaɗai ke sa karnukana su manta da mai ba su abinci! Ina gaishe ka daga nan ƙasan kwari zuwa can bukkar da kake zaune a wuyan Dutsen Garrick, kana gadin filin wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara, wanda bana babu abin zamewa a kansa.

Na san dariya kake yi. Yi abarka. Elspeth ce da kanta ta rubuta waɗancan kalmomi, ba aro na yi ba, kuma sai da na yaga takarda biyu kafin hannuna ya yarda. Ka san halina: in ka kira ni a waya, zuciyata na cike fal, bakina kuma sai ya kama ba ka labarin ƙafar kare da tayar tarakta. Shi ya sa na ɗauki biro. Noeline mai mashaya za ta cusa wannan a kwandon burodin da take aika muku sama, na kuma gargaɗe ta cewa in ta buɗe, ni da ita ne.

Ga Yuli ya raba, tsakiyar hunturu ke nan a nan kudancin duniya, dutsen kuma tsirara yake, ja wur kamar bayan saniya. Ƙungiyarku mai kula da filin ta ce in wata ya ƙare dusar ƙanƙara ba ta sauka ba, sun rufe filin sai baɗi. Mutanen ƙasar Chile kuma, da ƙanƙara ta yi musu yawa har suna neman mai taya su, sun kira ka, suna jiran amsarka kafin ƙarshen watan. Ba na ganin laifinsu. Wa zai ƙi mutumin da ke duban gangare ya san inda ƙanƙara za ta zaftare kafin ta binne wani? Amma ni na san yadda tafiyar take. Daga Chile sai Kanada, daga Kanada kuma wa ya san ko Garrick zai sake buɗewa? Duk bazara kana tafiya, ina kai ka bakin titi ban ce komai ba, don na san sanyi zai dawo mini da kai. Wannan karon ban san abin da zai dawo da kai ba.

Ka tuna Juma'ar da ta wuce a mashayar Noeline? Teburin nan na kusa da murhu, inda masu duban sama suke taruwa su yi ta musu a kan abin da ba su da iko da shi? Baba Murdo, aminin mahaifina, ya ɗora ƙafarsa a kan kujera yana shafa ta kamar jaririya.

Ya ce, "Ku dai ku saurara. Gwiwar nan tun Talata take sara. Kafin mako ya zagayo, kowa zai nemi sheburinsa."

Noeline ta ce, "Haba tsoho! A watan Janairu ma ta sara, muna tsakiyar zafi. Wannan ba ƙanƙara ba ce, shekaru ne. Ni dai ga tawa shaidar: akun dutse sun sauko har bayan shago, sun ɓare mini robar gilashin mota tas. Ba sa saukowa sai sun ji abu a iska."

Warwick direban motar 'yan makaranta ya ɗago kai daga wayarsa, inda yake ta jan taswira da yatsa, ya ce, "Abin da suka ji a iska, Noeline, ƙamshin kwandon shararki ne. Teku ya yi ɗumi bana. Ku duba nan, duk jan nan da kuke gani, ɗumi ne. Iskar kudu ba ta da hanyar shigowa."

Baba Murdo ya ce, "Kai tafi can! Bara ma da jan nan naka ka sa na bar itace a waje ya jiƙe."

Ana cikin haka kai kuma ka ajiye kofinka, ka miƙe ƙafa, ka yi maganar da ta hana ni sukuni har yau. Ka ce, "Ni duk kun wahalar da kanku. Ba ruwana da gwiwa, ba ruwana da aku, ba ruwana da taswira. Kowace safiya madubin hangen nesa nake ɗauka in dubi tumakin Elspeth. Ranar da ta sauko da su daga tudu, ranar zan kira Chile in ce su nemi wani. In kuma wata ya ƙare suna can sama, to, na san inda na dosa."

Aka yi dariya, aka buga tebur. Ni kuwa na ajiye dankalin da ke hannuna. Kai Rawiri! Wane irin kaya ne wannan ka ɗora mini a gaban jama'a, kana murmushi kamar ka miƙo mini gishiri?

Ba kai ka fara ba, na sani. Tun zamanin mahaifina babu wanda ke tambayar gidanmu ko ƙanƙara za ta zo. Ba ya faɗa, ko an tambaye shi sai ya ɗaga kafaɗa. Garkensa ake kallo. Tumakinmu suna zama a tudun da ke fuskantar rana har sai babbar ƙanƙara ta kusa, sannan a koro su ƙasa kusa da gida. In maƙwabta suka ga farin layin nan yana gangarowa, kowa sai ya kira karnukansa. Ya rasu ya bar mini garken da idanun mutane gaba ɗaya. In na sauko, kwari duka ya sauko. In kuma tumaki suka sauko, to busasshiyar ciyawar da aka tara a rumbu za su fara ci, kuma bana ka san babu wanda rumbunsa ya cika.

Bari in huta da wannan tukuna, in koma inda raina ke son komawa. Ka tuna shekarar babbar ƙanƙara, ranar da na fara ganinka? Na sauko da garke a kan lokaci, amma wani rukuni ya maƙale mini a bayan tudu, ƙanƙara ta rufe su har wuya. Aka yi shela ana neman masu taka hanya. Sai ga ku, 'yan filin zamiya, da rigunanku ja masu sheƙi, kuna sulalowa a kan katakan zamiyar da ke ƙafafunku kamar masu zuwa biki. Raina ya ɓaci. Na ce, "Malam, tunkiya ba ta bin sawun katako. In taimako ka zo yi, cire su ka taka da ƙafarka." Ka dube ni, ka dubi katakanka, ka cire. Takun farko ka nutse har ƙugu, na kuma ji daɗi, Allah ya yafe mini.

Haka muka wuni a jere, na gaba yana fasa ƙanƙara da gwiwa da ƙirji, na baya suna daddanne ta, in na gaba ya gaji ya koma ƙarshen layi. Kowa yana karɓar gaba in layi ya zo kansa. Kai kuwa na lura duk lokacin da nawa ya kusa, sai ka daɗe a gaba fiye da rabonka, kana yi kamar ba ka gaji ba, alhali numfashinka har bayan layi ana jin sa. Da muka isa gare su, wata tsohuwar tunkiya ta ƙi tashi, ka saɓa ta a kafaɗa. Ba ku yi nisa ba ta sakar maka fitsari a wuya. Ka tsaya cak, ka juyo ka ce, "Haka ake yi wa baƙo maraba a gidanku?" Na yi dariya har na zauna a cikin ƙanƙara. Ni da rabona da dariya irin wannan tun kafin a binne mahaifina!

Da yamma yatsuna suka daina ji. Na ɓoye, ka gani. Ka zuge rigarka, ka kama hannayena biyu ka cusa su a ƙarƙashin hammatarka, ka ci gaba da yi wa Warwick bayanin hanyar komawa kamar ba abin da ke faruwa. Wayyo, zafin da yatsu ke yi in jini ya dawo musu! Na ciji leɓe don kada in yi kuka a gaban maza. Tun daga ranar nake sonka, Rawiri, kana warin tunkiya da gumi, ban kuma faɗa maka ba sai da hunturu ya sake zagayowa.

To, yanzu ga abin da ka gani ranar Litinin, wanda ya sa ka yi ta kirana ban ɗauka ba.

Na tashi da safe na saki karnuka, na hau tudu da niyya ɗaya. Na ce a raina, ƙofa ɗaya ce tsakanina da zamanka. In buɗe ta, garke ya gangara, ka gani ta madubinka, ka kira Chile. Daga baya in ƙanƙara ba ta zo ba, sai in ɗaga kafaɗa in ce sama ta yaudare ni. Wa zai tuhume ni? Wa bai taɓa kuskure ba? Na busa wa karyata Fly ta zagaya ta sama, Boss ya yi ta haushi daga ƙasa, tumaki suka taru suna kallona da mamaki, don su kansu sun san ba lokaci ba ne. Ba su da wata damuwa, Rawiri. In babbar ƙanƙara na tafe, da kansu suke matsowa ƙasa, suna cin ciyawa da gaggawa, suna juya baya ga kudu. Waɗannan kuwa a baje na same su har can ƙoli, wasu ma a kwance suna tuƙa. Iskar da ke bugun ƙeyata mai ɗumi ce, daga arewa maso yamma, irin wadda ke busar da shanya kafin azahar. Duk na ga wannan, na kawar da kai, na kora su har bakin ƙofa.

Hannuna yana kan sarƙar ƙofar, sai wayata ta yi ƙara. Na ɗauka kai ne. Ashe Baba Murdo ne, yana haki.

Ya ce, "'Yar nan, na ga kin tara. Na riga na sa takalmi. In fito?"

Na tsaya riƙe da sarƙar ina kallon tumaki.

Ya ce, "Kina jina? Ai na gaya musu gwiwar nan ba ta ƙarya! Faɗa mini kawai, in hau yanzu ko in jira rana ta ɗan ɗaga? Ciyawar rumbuna ba za ta kai mu ko'ina ba, amma in kin ce a sauko, a sauko."

Tsoho mai neman tamanin, da gwiwa ɗaya da rabi, zai hau tudu shi da karensa kurma, ya koro tumakinsa su cinye ɗan abin da ya tara, saboda ni ina son wani namiji ya zauna! Na dubi garkena, na dubi bukkarka can sama da tagarta tana ƙyalli. Na san kana tsaye a bayanta.

Na ce, "Cire takalminka, Baba. Bar su inda suke."

Ya ce, "To me ya kai ki tara su?"

Na ce, "Hauka."

Ya ce, "Allah ya sawwaƙe. Ki gaishe shi." Ya kashe wayar. Tsohon nan ba gwiwarsa kaɗai ke gani ba.

Na kira karnuka suka dawo, na zauna a kan dutse ina kallon tumaki suna sake bajewa, suna hawa a hankali, kowace da sha'aninta. Na yi kuka, ba zan ɓoye maka ba. Fly ta zo ta ɗora haɓarta a gwiwata, na ture ta, ta sake dawowa.

Don haka ga hasashena, a rubuce, abin da babu wani ɗan gidanmu da ya taɓa yi wa kowa. Ba za ta zo ba, masoyina. Wataƙila a ɗan yayyafa wa ƙoli fari sau ɗaya ko biyu, rana ta lashe shi kafin ku ɗaura takalma. Amma irin wadda za ta buɗe muku fili, mai rufe duwatsu da shingaye, ban gan ta a bana ba. Wannan karon ni da Warwick da masu hasashen yanayi na rediyo bakinmu ɗaya, abin da bai taɓa yi mini daɗi ba. Zan iya yin kuskure, na taɓa yi, kuma wallahi ban taɓa roƙon Allah ya kunyata ni kamar yadda nake roƙo yanzu ba. Ni da na tashi ina tsinewa ƙanƙara, ni da ta kashe wa raguna, ta karya wa shinge, yau ni ce ke fitowa ƙofa kowace safiya ina shinshina iska ko zan ji ƙamshin kudu! Ka ga abin da ka mayar da ni?

Amma ka saurare ni da kyau, don nan ne tsorona yake. Za ka ci gaba da ganin tumakina a tudu har ƙarshen wata. Ina tsoron ka dube su ka ce, Elspeth ta sallame ni. A'a! Sau dubu a'a! Tumakin nan labarin sama suke ba ka, ba su san komai game da zuciyata ba. Ka haɗa tambaya biyu ka mai da su ɗaya, ka ɗora wa dabbobi su amsa maka. Ko ƙanƙara za ta zo, wannan sun amsa. Ko ina so ka zauna, wannan ba ka taɓa tambayata ba, ni kuma girman kai bai bar ni na faɗa ba.

Ina so ka zauna. Ka ji? Ina so ka zauna!

Ya rabin raina, shekara nawa kana bin sanyi daga wannan gefen duniya zuwa wancan? Yaushe rabonka da ganin ciyawa ta tsiro a inda ka taka? Ba ka taɓa ganin kwarin nan da rani ba. Ba ka taɓa ganin 'yan raguna suna tsere a bakin shinge da yamma ba. Ba ka taɓa ganina ba hular ulu da riga uku ba, har ina zargin in ka gamu da ni a watan Disamba za ka wuce ni ka ce sannu baiwar Allah. Ina so ka san ni a cikin zafi, da fuska ƙonanniya da baƙin rai irin na lokacin sausayar ulu. Ina so in ji tarinka a ɗaki na gaba. Ina so in yi maka faɗa a kan takalmanka da kake bari a tsakiyar hanya, in kuma wayi gari in same su a wurin. Shin wannan ya yi yawa? Shin mace ba za ta roƙi abu ɗaya ba a rayuwarta?

Ban ce ka bar dutse ba. Na ga fuskarka in kana saukowa daga gangare da safe kafin kowa ya taka shi, kuma ba zan zama matar da ta kashe wannan hasken ba. In baɗi ta sauka, ni zan fara tashinka, ni zan haɗa maka shayi a gora in tura ka sama. Abin da nake roƙo shi ne ka gwada shekara ɗaya wadda ba sama ce ta zaɓa maka wurin kwana ba. Da na buɗe ƙofar nan ranar Litinin, da ka zauna, amma da ƙanƙara ka zauna wa, ita kuma ba ta zo ba, sai ka wayi gari kana kallona kana tunanin Chile. Ba na son zaman da na sata. In za ka zauna, ka zauna idonka a buɗe, kana sane da cewa dutsen zai kasance ja har bazara.

Kuma kada ka ɗauka daɗi nake kiranka ka sha. Ƙanƙarar da ba ta zo maka ba, ni ma ba ta zo mini ba. Ita ce ke kwanciya a ƙoli ta yi ta narkewa a hankali tana ciyar da rafuka har kaka. Bana babu abin da zai narke. Kafin Kirsimeti rafin bayan gida zai zama duwatsu, ciyawa za ta ƙone, zan yi ta jan tankin ruwa da tarakta daga kogi zuwa tudu tun safe har hannu ya yi kanta. Zan tsaya a bakin shinge in zaɓi tumakin da zan rabu da su, waɗanda na karɓi haihuwarsu da hannuna. Zan zama mai saurin fushi, mai ƙarancin magana, ba za ka ji daɗina ba ko kaɗan. Shekarar da ke tafe ke nan, ita nake gayyatarka.

Zan iya ta ni kaɗai, Rawiri. Na sha yi, kowa a kwarin nan shaida ne. Ba na so ne kawai.

In ka ga ba za ka iya ba, ka tafi da albarkata, ba zan riƙe ka da ko kalma ɗaya ta zargi ba. Ka dai sani babu wanda zai zauna a wurinka, bana ko baɗi ko bayan gashina ya yi fari. Amma kafin ka kira kowa a Chile, ka zo ka faɗa mini da bakinka, a tsaye a gabana, kana kallon idona.

Taka ce ni, a shekarar albarka da shekarar fari, har ranar da za a kwantar da ni a gefen mahaifina,

Elspeth